Lauyoyi Biyu, Ƙara Ɗaya: Jinnah da Ambedkar

A ƙarshen shekarar 1939 gwamnatocin jam'iyyar Congress a lardunan Indiya suka yi murabus, saboda Gwamna Janar na Turawa ya jefa ƙasar cikin yaƙin duniya na biyu bai shawarci kowa ba. Ga Muhammad Ali Jinnah, shugaban jam'iyyar Muslim League, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya kira Musulmi su ware ranar 22 ga Disamba su gode wa Allah da ya raba su da mulkin Congress. Cikin waɗanda ba Musulmi ba da suka fito fili suka ce da su za a yi, har da Bhimrao Ramji Ambedkar, jagoran mutanen da sauran mabiya addinin Hindu ke ganin ko taɓa su ƙazanta ce. Dukansu lauyoyin birnin Bombai ne, dukansu a Landan suka yi karatun lauya. Ba a cika shekara takwas ba ɗaya ya zama Gwamna Janar na sabuwar ƙasar Pakistan, ɗayan ya zama ministan shari'a a gwamnatin Congress ɗin nan da ya yi murnar saukarta.

Ƙarar da suka ɗauka iri ɗaya ce. Bature zai tafi, zai bar akwatin zaɓe, kuma akwati ba ya sanin komai sai ƙidaya. Inda mutane ke jefa ƙuri'a bisa ra'ayi, wanda ya faɗi bana yana iya ci baɗi. Inda kuwa addini ko asalin haihuwa ne ke jan hannun mai ƙuri'a, wanda ya fi yawa ya ci ke nan har abada. Musulmi wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne na mutanen Indiya a lokacin. Mutanen Ambedkar, waɗanda yau ake kira Dalit, ba su kai haka ba. To ranar da masu rinjaye suka ga dama su danne su, me zai tsare su?

Ta ƙofofi daban suka shigo wannan shari'a. An haifi Jinnah a Karachi a 1876, ɗan gidan fatauci. Ya zama lauya a Lincoln's Inn a 1896 bai cika shekara ashirin ba, ya dawo Bombai ya yi suna ya yi dukiya, da kwat ɗinki na Landan da gida a kan tudun Malabar. Turanci ya fi zama a bakinsa fiye da Urdu. Babu wanda ya taɓa hana shi ruwa ko kujera. Tsoron da ya wakilta na gobe ne, na al'ummar da sarakunanta suka taɓa mulkin ƙasar, take kuma ganin za a mayar da ita 'yar kallo. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne a Congress ya fara siyasa, a 1906. Shi ne lauyan da ya kare Bal Gangadhar Tilak, ɗan kishin ƙasa kuma Hindu na gani kashe ni, a shari'ar tayar da zaune tsaye ta 1916, ya kuma ci. A shekarar ne ya ƙulla yarjejeniyar Lucknow tsakanin Congress da League, har aka riƙa yi masa kirari da jakadan haɗin kan Hindu da Musulmi.

Ambedkar ba tsoron gobe ya kawo shi ba, ciwon yau ne. An haife shi a Mhow a 1891, daga gidan Mahar. Al'ummar Hindu ta kasu gida-gida bisa haihuwa, kowane gida da sana'arsa da matsayinsa, Brahmin a sama. A can ƙasa, wajen lissafin ma, akwai masu shara da masu jima da masu kwashe mushe, kuma Mahar na cikinsu. Mahaifinsa sojan Turawa ne, shi ya sa aka sa shi makaranta. A aji kan buhu yake zama, buhun da shi zai ɗauko daga gida ya kuma mayar, don mai sharar makaranta ba zai taɓa shi ba. In ƙishirwa ta kama shi sai masinja ya tsiyayo masa ruwa daga sama. Ranar da masinja bai zo ba, babu sha. Sarkin Baroda ya biya masa kuɗin karatu a jami'ar Columbia ta Amurka a 1913, daga nan ya wuce Landan, ya haɗa digirin digirgir a tattalin arziki da lauya a Gray's Inn. Da ya je Baroda a 1917 zai yi wa sarkin aiki, masinjojin ofis jefo masa fayil suke yi kada hannu ya haɗu, masu masaukin da ya sauka kuma suka kore shi da sanduna da suka gano asalinsa. A Maris 1927 ya ja dubban mutane zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad suka sha ruwa, abin da doka ta riga ta halatta musu. Aka far musu da duka, aka kuma "tsarkake" tafkin da fitsari da kashin saniya. Maganar ta je kotu, sai a 1937 babbar kotun Bombai ta tabbatar musu da haƙƙinsu. Shekara goma a kan shan ruwa.

Maganin da dukansu suka fara nema ɗaya ne, wato mazaɓa ta daban. Tun 1909 Turawa suka ba Musulmi wasu kujeru a majalisa waɗanda Musulmi kaɗai ke zaɓen masu zama a kai. Hikimar ita ce wakilin ya zama na mutanensa, ba wanda masu rinjaye suka ɗauko suka ɗora musu ba. Jinnah bai ɗauki abin farilla ba. A 1927 ya yarda Musulmi su haƙura da shi, muddin za a ba su kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisar tarayya, a cire Sindh daga Bombai ta zama lardi, a kuma raba kujerun Punjab da Bengal bisa yawan jama'a. Rahoton Nehru na 1928, daftarin tsarin mulkin da Congress ta goyi baya, bai karɓi kashi ɗaya cikin ukun ba, gyare-gyaren da Jinnah ya kawo a taron jam'iyyu na Kalkata kuma aka yi watsi da su. A ganina nan ne aka yi asarar da ta fi kowace: mutum ya zo da sulhu a hannu, aka tambaye shi wa ya aiko shi.

Ambedkar ya samu nasa a Agustan 1932, lokacin da Firaministan Birtaniya Ramsay MacDonald ya ba mutanensa kujeru 71 na mazaɓa ta daban a majalisun larduna, tare da ƙuri'a ta biyu a mazaɓar kowa da kowa. Gandhi, jagoran Congress, wanda ya amince wa Musulmi da Sikh irin wannan, ya ce a nan kam ba zai yiwu ba, raba addinin Hindu ne. Ranar 20 ga Satumba ya shiga yajin cin abinci a kurkukun Yerawada, ya ce sai dai ya mutu. A duba halin da Ambedkar ya shiga. In tsohon ya cika, a ƙauyuka za a huce, a kan mutanen da ba su da ɗan sanda ba su da alƙali. Bayan kwana huɗu ya sa hannu a yarjejeniyar Poona. Kujerun suka ƙaru zuwa 148, amma a zagayen ƙarshe kowa da kowa ne zai yi zaɓe. Kujera ta Dalit ce, mai zama a kai Dalit ne, amma masu rinjaye ne ke tantance wane Dalit. Har ya mutu bai daina cizon yatsa a kan wannan ba, kuma a kansa abin ya ƙare: a zaɓen farko bayan 'yanci, a 1952, ɗan takarar Congress, shi ma Dalit, ya kayar da shi a Bombai.

Zaɓen larduna na 1937 ne ya raba hanyarsu, ko da yake ba a gane ba sai daga baya. League ba ta samu ko kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun Musulmi ba. Galibin ɗan abin da ta samu ma a lardunan da Musulmi ke tsiraru ne, irin Bombai da yankin da yau ake kira Uttar Pradesh; a Punjab da Sindh, inda suke da rinjaye, ba ta taɓuka komai ba. Congress ta kafa gwamnati a mafi yawan larduna 11, ta kuma nuna ba ta bukatar abokin tarayya. Jinnah ya karanta darasin da idon lauya: muddin ka shiga kotu da sunan ɗan tsiraru, alfarma kake roƙo. Sai ya sauya ƙarar ɗungurungum. A Lahore, a Maris 1940, ya ce Musulmi ba tsiraru ba ne, al'umma ce mai zaman kanta, kuma al'umma ƙasa take nema, ba kujeru ba.

Abin da ya ba shi damar faɗin haka taswira ce. Musulmi sun fi yawa a arewa maso yamma da kuma gabashin Bengal, wato akwai ƙasar da za a iya shatawa. Dalit kuwa suna bayan kowane ƙauye daga Punjab har Madras, kuma babu lardi ko ɗaya da suka fi yawa. Kamar 'yan'uwa biyu ne a gandu, duka babban wa yana cutarsu. Ɗaya gonar da yake nomawa tana gefe guda, yana iya cewa a ja iyaka a ba shi rabonsa. Ɗayan kunya ɗaya yake da ita a nan, ɗaya a can, cikin gonar kowa. In ya ce a raba, ba abin da zai ɗauka, dole ya zauna ya nemi a rubuta sharuɗɗa a gaban shaidu. Saboda haka ban yarda da masu cewa Ambedkar ya zauna don ya fi Jinnah kishin Indiya ba. Shi ma ya nemi rabuwa iyakar ƙarfinsa: jam'iyyarsa ta nemi gwamnati ta kafa wa Dalit ƙauyuka nasu na kansu. Littafin da ya rubuta kan batun Pakistan jim kaɗan bayan taron Lahore ya auna hujjojin ɓangarorin biyu, ya ƙare da cewa in Musulmi sun nace a ba su. A ciki ya shaidi Jinnah da cewa ba ya sayuwa, ko da yake a wata lacca ta 1943 ya haɗa shi da Gandhi ya zarge su da girman kai da son a bauta musu.

In da cin shari'a ake auna lauya, Jinnah ba shi da na biyu. A zaɓen 1945 zuwa 1946 League ta lashe duk kujerun Musulmi 30 na majalisar tarayya. Akwai masana tarihi, irin su Ayesha Jalal, da ke ganin Pakistan farashin farko ne na mai ciniki, abin da yake so a zahiri shi ne tarayya sako-sako inda Musulmi za su yi kafaɗa da kafaɗa da Hindu a tsakiya. Suna da hujja, don a Yunin 1946 ya karɓi shirin tawagar ministocin Birtaniya wanda ya bar Indiya ƙasa ɗaya, sai da Nehru, shugaban Congress a lokacin, ya nuna jam'iyyar ba ta ɗaure kanta da shirin ba sannan ya janye. Daga nan abin ya fi ƙarfin lauyoyi. Ranar 16 ga Agusta aka fara kashe-kashen Kalkata, dubbai suka mutu cikin 'yan kwanaki. A rabuwar 1947 mutane wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, waɗanda suka mutu kuma ana ƙiyasta su daga dubu ɗaruruwa zuwa miliyan guda ko fiye.

Sai dai akwai tambayar da kowane mai ƙara ke yi wa lauyansa bayan an tashi daga kotu: ni me na samu? Waɗanda suka samu Pakistan su ne Musulmin Punjab ta yamma da Sindh da Bengal ta gabas, waɗanda da ma su ke da rinjaye a gidajensu. Waɗanda suka fi jin tsoro, suka riƙe League tun tana rarrafe, Musulmin Delhi da Lucknow da Bombai, iyaka ta bar su a baya. Masu hali da masu ilimi da yawa suka ƙaura, aka bar wajen mutum miliyan 35, sun koma kashi ɗaya cikin goma, ga kuma tabon cewa su suka raba ƙasa. Maulana Abul Kalam Azad da Maulana Husain Ahmad Madani na Deoband sun yi ta gargaɗi a kan haka tun kafin a raba.

Jinnah ya san ya haifar da sababbin tsiraru a ƙasarsa. Ranar 11 ga Agusta 1947 ya faɗa wa majalisar tsara kundin mulkin Pakistan cewa kowa na da 'yancin zuwa wurin ibadarsa, kuma addinin mutum ba ruwan hukuma da shi. Magana ce mai kyau, amma jawabi ce, ba doka ba, kuma tarin fuka ya kashe shi a Satumban 1948 bai mayar da ita doka ba. Kafin nan ma, a Maris 1948, ya tsaya a Dhaka ya ce Urdu kaɗai ne zai zama harshen ƙasa, a gaban mutanen Bengal da suka fi kowa yawa a Pakistan. Mutumin da ya shekara talatin yana bayyana yadda danniya take bai gane ta ba da ta fito daga bakinsa. Pakistan ba ta samu kundin tsarin mulki ba sai 1956, soja suka yaga shi a 1958. A 1971 gabashin ƙasar ya ɓalle ya zama Bangladesh bayan yaƙi mai muni. Mazaɓa ta daban kuma, garkuwar Musulmin Indiya ta da, Janar Zia ul-Haq ya ɗora wa Kirista da Hindu na Pakistan ita a 1985. Su kuwa suka yi ta kukan cewa ta mayar da su baƙi, tun da babu ɗan takarar masu rinjaye da ke bukatar ƙuri'arsu, har aka soke ta a 2002.

Ambedkar kuwa kusan duk wata kokawa da ya shiga a rayuwarsa an kayar da shi. Jam'iyyarsa ta sha kashi a 1946. Amma Congress, wadda ya shekara ashirin yana caccaka, ta ba shi shugabancin kwamitin rubuta kundin tsarin mulki a Agustan 1947. Ba shi kaɗai ya rubuta ba, an ɗebo da yawa daga dokar Turawa ta 1935, amma shi ya tsaya a majalisa yana kare shi sashe bayan sashe har aka amince a 26 ga Nuwamba 1949. Sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa mutum, ya mayar da ita laifi. Sashe na 32, wanda ya ɗauka shi ne ran kundin, ya ba kowa damar zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye in an take masa haƙƙi. An ware wa Dalit kujeru a majalisu, da niyyar shekara goma, ga shi ana ta sabuntawa har yau. 84 ne cikin 543 a majalisar wakilai. An ware musu kashi 15 cikin ɗari na ayyukan gwamnatin tarayya. Da Kotun Ƙoli ta rushe rabon guraben karatu na Madras a 1951, majalisa ta gyara kundin a shekarar don a ci gaba. Daga wannan ƙofa aka samu likitoci da alƙalai da manyan ma'aikata daga gidajen da kakanninsu ba sa shiga aji. K. R. Narayanan ya zama shugaban ƙasa a 1997, Mayawati ta mulki Uttar Pradesh sau huɗu.

Ambedkar kansa bai ruɗu ba. Ranar da zai miƙa aikin ya gargaɗi majalisa cewa za a shiga zaman saɓani, mutane daidai a rumfar zaɓe, ba daidai ba a kasuwa da zamantakewa. Har yau galibin masu shiga ramin masai da kwalbati suna mutuwa a Indiya Dalit ne, duk da dokokin 1993 da 2013 da suka hana. A 1953 ya faɗa a majalisar dattawa, cikin fushi, cewa shi zai fara cinna wa kundin wuta. A Oktoban 1956, a Nagpur, ya bar addinin Hindu ya shiga na Buddha tare da mabiya dubu ɗaruruwa, ya rasu bayan mako bakwai. Wato shi ma a ƙarshe ficewa ya yi, ta hanya ɗaya tilo da ta rage wa wanda ba shi da lardi.

Ni dai hanyar Ambedkar na fi ba wa gaskiya, don abin da ya bari yana aiki ga wanda ya fi rauni a inda yake zaune, ba sai ya ɗaure kaya ya tsallaka iyaka ba. Amma ba zan faɗi haka in kau da kai daga Musulmin Indiya ba. A Mayun 1949 majalisar da ta rubuta kundin nan ta soke kujerun da aka yi niyyar ware wa tsirarun addinai. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya hana Dalit da ya musulunta ko ya zama Kirista cin gajiyar guraben Dalit. Musulmi kashi 14 cikin ɗari ne a ƙidayar 2011, amma 24 kacal suka shiga majalisar wakilai a zaɓen 2024. Ga rushe masallacin Babri a 1992, ga kisan Gujarat a 2002, ga dokar zama ɗan ƙasa ta 2019 da ta tsame Musulmi. Duk wanda ya ce Jinnah tsoron banza ya ji, bai duba wannan ba. Abin da ba za a taɓa warwarewa ba shi ne ko rabuwar ce ta jawo raunin: da ba a raba ba, da yau Musulmi sun kusa kashi ɗaya cikin uku na ƙasar, adadin nan da Jinnah ya roƙa a 1927.

Mu ma a Najeriya an kawo mana wannan ƙara. A 1957 Turawa suka naɗa hukumar Willink ta binciki tsoron ƙananan ƙabilun Najeriya, ta ƙi ba da shawarar sababbin jihohi, ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a kundin tsarin mulki. Daga baya muka bi ɗaya hanyar, jihohi 12 a 1967 har 36 a 1996, kowace sabuwar jiha da nata masu kukan danniya, muka kuma ƙara da tsarin raba-daidai a 1979.

Akwai mutum guda da ya gwada hanyoyin biyu da jikinsa. Jogendra Nath Mandal lauya ne Dalit daga Bengal, abokin tafiyar Ambedkar, shi ya taimaka aka zaɓe shi zuwa majalisar tsara kundi daga Bengal a 1946 lokacin da Bombai ta rufe masa ƙofa. Lissafin Mandal shi ne talakan Dalit ya fi kusa da manomi Musulmi fiye da mai gona Brahmin, don haka ya bi Jinnah. Mandal ne ya shugabanci zaman farko na majalisar Pakistan, ya kuma zama ministan shari'arta na farko, ta yadda ƙasashen biyu duka Dalit ne suka fara riƙe musu wannan ma'aikata. Bayan kashe-kashen da aka yi wa Hindu a gabashin Bengal a 1950, ya aika wa Firaminista Liaquat Ali Khan takardar murabus a watan Oktoba, daga Kalkata. Ambedkar ya ajiye tasa kujerar a shekarar da ta biyo, bayan gwamnatin Nehru ta ja ƙafa kan dokar da za ta ba matan Hindu gado da damar neman saki. An zartar da ita gutsi-gutsi a 1955 da 1956. Mandal ya yi sauran rayuwarsa yana fafutukar 'yan gudun hijira a Bengal ta yamma, inda ake yi masa kallon mutumin Pakistan. Ya tsaya zaɓe bai ci ba, ya rasu a 1968.